Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Gwanayen Gyaran Tashoshin Jirgin Ƙasa a Tokyo

Duk magidancin da ya taɓa kiran magina su sauya masa rufin gida alhali iyali na ciki, ya san abin da ake sha. A kwashe kaya daga wannan ɗaki a jibge a wancan, a mayar da zaure madafa, yara su yi ta tsallake yashi da bulo, uwargida kuma kullum tana tambayar ranar gamawa. Gidan mutum goma ke nan. To a ƙaddara gidan na mutum miliyan 3 ne, sun kuma rantse ba wanda zai kwana a waje, ba wanda zai makara wurin aiki, amma suna so a sauya musu harsashi da rufi da ƙofofi gaba ɗaya. Abin da ake yi ke nan fiye da shekara 20 yanzu a tashar jirgin ƙasa ta Shibuya, a birnin Tokyo na ƙasar Japan. Akwai mutanen da wannan ce sana'arsu: su rushe tasha su sake gina ta, jirage na shiga suna fita, fasinjoji na takawa a kan aikin da ƙafafunsu.

Shibuya wuri ne da ko shimfiɗa dogon farko a cikinsa sai an yi dabara. Kwari ne da tuddai suka kewaye, rabin ƙarshe na sunan ma ma'anarsa kwari. An buɗe tashar a 1885, daga nan kowane kamfani ya riƙa zuwa da nasa layin yana cusa shi inda ya samu sarari. Layin Toyoko mai zuwa Yokohama ya iso a 1927. Layin Ginza, wanda jirgin ƙarƙashin ƙasa ne, ya iso a 1938, amma da yake ya ɓullo ne daga cikin tudu, sai ya shiga kwarin ta sama, ya ƙare a hawa na uku na wani katafaren kanti. Wato mutum ya hau bene don ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. A ƙarƙashin duk wannan kuma ga kogin Shibuya yana gudana a rufe. Yau layuka 9 na kamfanoni 4 ne suka sarƙe a wurin, kuma kafin annobar korona mutanen da ke hawa da sauka a rana sun kai wajen miliyan 3. Irin wannan tasha ba a kulle ta a ce wa jama'a su yi haƙuri su dawo baɗi.

Abin da dare ke bayarwa

Jiragen Tokyo ba sa kwana suna yawo. Na ƙarshe yakan shiga ma'ajiya wajen ƙarfe 1 na dare, na farko kuma ya fito tsakanin 4:30 da 5 na asuba. Wannan 'yar tazarar ita ce duk jarin masu gyara, kuma ba dukanta ce tasu ba. Sai an tabbatar jirgin ƙarshe ya wuce, a ba da izinin rufe layin, a yanke wutar wayoyin sama, a gwada a ga lallai ta yanke, sannan a shigo da kayan aiki. A ɗaya ƙarshen kuma sai an kwashe komai, an ƙirga kowace sifana da kowane noti, an duba dogo, an mayar da wuta, kafin a ce jirgi ya zo. Abin da ke saura na aiki zalla sau da yawa bai wuce awa biyu zuwa uku ba.

Daga nan ne dokar farko ta sana'ar ta fito: duk aikin da aka fara cikin dare, tilas asuba ta same shi a yanayin da jirgi cike da mutane zai iya bi ta kansa. Maginin gida yana iya barin bango rabi ya tafi cin abinci, ya dawo jibi. Mai gyaran tasha ba shi da rabi. Don haka sai ya yanka babban aiki gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa daidai cikin dare ɗaya, kowace kuma ta ƙare a tsaye da ƙafafunta. Aikin da zai ɗauki mako uku a fili yakan ci shekara a nan. Sannu dai ba ta hana zuwa.

Gada a inda ba kogi

Aikin da ya fi fito da wannan gwaninta fili shi ne na layin Toyoko. Kamfanin Tokyu mai layin ya so ya nutsar da kimanin kilomita 1.4 na ƙarshensa, daga tashar Daikanyama zuwa Shibuya, don ya haɗe da layin Fukutoshin na kamfanin Tokyo Metro a ƙarƙashin ƙasa. Idan an haɗe su, jirgi ɗaya zai taso daga yankin Saitama a arewa, ya ratsa tsakiyar Tokyo, ya dire Yokohama a kudu, ya bi dogon kamfanoni daban-daban ba tare da fasinja ya sauka ya sake hawa ba. An fara aikin a 2002.

Yadda aka saba yin irin wannan shi ne a shimfiɗa layin wucin gadi a gefe, a karkatar da jirage can, a yi aiki a tsohon gurbi cikin kwanciyar hankali. A Daikanyama ba gefe. Gidaje da kantuna sun matse dogon hagu da dama. Sai injiniyoyin suka ce tun da ba a samu gefe ba, a yi sabon layin a ƙarƙashin tsohon, daidai saitinsa.

Ga yadda ake yi. Da farko a kakkafa ginshiƙan ƙarfe cikin ƙasa a gefen dogo. Sannan dare bayan dare a riƙa kwashe tsakuwar da ke ƙarƙashin dogon, 'yan mitoci kaɗan a kowane dare, a zura manyan sandunan ƙarfe a gurbinta, a ɗora su kan ginshiƙan, a ɗaure dogon a kansu. Azarar ƙarfe ce, aikinta ɗaya da azarar da ke riƙe rufin soro. Idan aka gama jera ta, dogon ya daina dogara da ƙasa. Ya zama gada, ko da yake mai kallo daga tagar jirgi ba zai ga bambanci ba. Daga nan sai a shiga haƙa a ƙarƙashinsa. A kwashe ƙasa, a zuba kankare, a gina ramin jirgi, a shimfiɗa sabon dogo da wayoyinsa da siginarsa, jirage kuwa suna ta wucewa bisa kawunan ma'aikata kowane 'yan mintoci.

A nan ne abin ya fi burge ni. Wannan gada ba don ta dawwama aka yi ta ba. Ranar da aka gama aiki za a yayyanka ta a kwashe. Amma shekarun da za ta yi, tana ɗauke da rayukan da gadar dindindin ke ɗauka, don haka lissafinta da waldarta da dubanta duk iri ɗaya ne da na abin da za a bar wa jikoki. Haka dandamalin katako na wucin gadi da fasinjoji ke tsayawa a kai, haka matakalar da za a cire bayan wata shida, haka allon da ke nuna hanyar da mako mai zuwa za ta sauya. Mutanen nan sau biyu suke gina tasha: ɗaya ta riƙon ƙwarya wadda jama'a ke takawa, ɗaya ta gaske da ke girma a ɓoye. Wanda ya raina ta farkon ba zai kai ga ta biyun ba.

Daren 15 ga Maris, 2013

Bayan shekara 11 sabon layin ya kammala, saura wuri ɗaya: gangaren da ke bakin tashar Daikanyama, inda sabon dogo ke hawowa daga rami ya sadu da tsohon. Tsawon wurin mita 273 ne. A can ciki inda ramin ya yi zurfi, tsohon dogo bai tare wa kowa hanya ba, ana iya barinsa a cire daga baya. Amma a gangaren, tsohuwar azara tana zaune daidai inda jikin jirgi zai bi. Ba yadda za a yi layukan biyu su rayu tare a wannan tsakani. Tilas ɗaya ya mutu, ɗaya ya tashi, cikin dare guda.

Sai aka raba mita 273 ɗin kashi-kashi, kowane kashi da maganinsa. Inda tsohon dogo da sabon gangare suke kusa da juna, aka shirya a sauke tsohon da jak har ya zauna a sabon matsayi. Inda tazara ta fi haka, aka shirya a cire azarar daga hanya: wata kiren ya ɗauke ta, wata kuma a ɗaga ta sama cikin manyan firam na ƙarfe da aka riga aka kafa kamar ƙofofin gari, ta tsaya a rataye, jirgi ya wuce ta ƙarƙashinta. Kamfanin gine-gine na Tokyu ya raɗa wa dabarar suna STRUM, kuma ba ranar ya fara gwada irinta ba. A ƙarshen Janairun 2004 an yi makamancin wannan sauyi a ɗaya ƙarshen layin, wajen Yokohama.

Daren Juma'a wayewar Asabar, jama'a suka cika tsohuwar tashar Toyoko ta Shibuya suna ban kwana da ita, bayan ta yi shekara 85 tana aiki. Jirgin ƙarshe ya wuce wajen ƙarfe 1. Ma'aikata kimanin 1,200 da ke jira a gefe suka kwararo kan dogo. Masu yanka suka yanke shi a wuraren da aka riga aka yi wa alama. Masu wuta suka hau suka saki tsofaffin wayoyi suka ja sababbi. Jak suka fara aiki, wannan sashe na nutsewa, wancan na tashi. Masu dogo suka haɗa bakin tsoho da na sabo suka ɗaure. Masu sigina suka sauya haɗin na'urorinsu suka gwada. Cikin kimanin awa uku da rabi aka gama. Jirgin gwaji ya bi, ba fasinja. Wajen ƙarfe 5 na asuba jirgin farko ya ɗauki mutane ya gangara cikin ramin, tsohon dogon da suka bi jiya yana rataye bisa kansu.

Hoton bidiyon wannan dare ya zagaya duniya ta intanet, kuma abin da akasarin masu kallo suka yaba shi ne sauri. Ni kuwa abin da na lura da shi shi ne ba wanda ke gudu ba dalili, ba wanda ke tsaye yana tambayar abin da zai yi. Mutum 1,200 a fili mai tsawon mita 273, fiye da mutum huɗu a kowace mita, ga ƙarfe mai nauyin tan-tan yana motsi a sama da ƙasa, idan ba a tsara ba ai turmutsitsi ne. Abin da ya hana haka an yi shi tun kafin daren. An rage aikin da ya rage har ya zama ba abin da ya saura sai wanda ba zai yiwu a yi shi jiya ba. Duk notin da za a iya sassautawa an san shi, duk wayar da za a iya ja an ja ta an naɗe tana jira. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗannan sun yi shekara 11 suna fafe nasu.

Abin da hannu da ido suka sani

Idan aka warware sana'ar, abu na farko da za a tarar shi ne jadawali. Ana rubuta aikin dare irin wannan minti-minti: ƙungiya kaza ta shiga ƙarfe kaza, ta gama ƙarfe kaza, ta ba ƙungiya kaza wuri. Kowane heluma ya san mutanensa, ya san iyakar filinsa, ya san wanda zai kai wa rahoto. Ana gwada matakai masu wuya tun kafin ranar, a auna mintocin da suka ci, a gyara takarda. A cikin jadawalin kuma akwai tanadin ɓacin rana: in jak ya ƙi, ga wani, in an yi iska mai ƙarfi kiren ba zai ɗaga kaya ba, ga abin da za a yi, ga kuma lokacin da in an kai shi ba a cim ma mataki kaza ba, sai a fasa a mayar da komai yadda yake. Sanin inda za a juya baya yana cikin gwanintar, don wanda ya yanke dogo ba tare da ya san yadda zai mayar da shi ba, ya yi caca ne da safiyar mutane.

Na biyu awo ne. Faɗin da ke tsakanin ƙarafan dogon Toyoko da na layin Yamanote mai kewaye tsakiyar Tokyo milimita 1,067 ne, daidai da tsohon layin da ya taso daga Legas zuwa Kano. Na Ginza kuwa milimita 1,435 ne, irin na Abuja zuwa Kaduna. Lambar ƙarshe ta waɗannan alƙaluma ba ado ba ce. Da milimita ake magana. Haka tsayin wayar sama daga dogo, haka tazarar bakin dandamali da jikin tarago. In dandamali ya matso da yawa jirgi ya goge shi, in ya ja baya ƙafar yaro ta faɗa. Akwai wani fili da aka ƙayyade kewaye da dogo wanda ba a yarda komai ya shiga cikinsa ba, ko kan ƙusa, kuma kafin a saki layi sai an bi an tabbatar ba abin da ya leƙo.

Na uku ɗabi'a ce, wadda baƙo zai iya ɗauka wasa. Ma'aikacin jirgin ƙasa a Japan ba ya duba abu da ido kawai. Yakan miƙa hannu ya nuna shi da yatsa, ya ambaci sunansa da ƙarfi, ya rufe da "Yoshi!", wato ya yi daidai. Suna kiran wannan shisa kanko. Hikimar ita ce ƙarfe 3 na dare ido yakan ga abin da ya saba gani ko da ba ya nan, amma in hannu da baki da kunne suka shiga cikin shaidar, da wuya su haɗu su yi ƙarya. Kafin a fara aiki kuma kowace ƙungiya takan tsaya a da'ira, a faɗi haɗarin da ke cikin aikin daren nan musamman, a faɗi yadda za a kauce masa. Gaisuwarsu a wurin aiki ma ita ce "Go-anzen ni", kusan a ce a gama lafiya.

Ranar da dare bai isa ba

Ba kowane aiki ne ke shiga cikin awa uku ba, kuma gwani ya san haka. Tashar layin Ginza, wadda ke cikin kanti, ta tsufa ta kuma ƙuntata. Aka yanke shawarar a matsar da ita kimanin mita 130 gabas, a ɗora ta bisa babban titin Meiji. Ƙasa motoci, sama jirage, ba inda kiren zai tsaya ya yini yana jera rufi. Sai aka riƙa haɗa bakunan ƙarfen rufin a gefe guda, masu siffar harafin M, in an haɗa wani sashe a tura shi a hankali ya zame bisa dogon cikin dare. Wanda ya taɓa ganin an ɗaure jinka a ƙasa sannan maza sun taru sun ɗora ta kan ɗaki ya gane dabarar. Da aka zo sauyin ƙarshe, sai aka zaɓi hutun sabuwar shekara, lokacin da ofisoshi ke rufe: aka dakatar da jirage a wannan yanki kwana 6, daga 28 ga Disamba 2019, aka buɗe sabuwar tasha ranar 3 ga Janairu 2020, da dandamali mai faɗin mita 12, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarsa da zai tare hanya.

Kamfanin JR East ma haka ya yi da nasa ɓangaren. Dandamalin layin Saikyo a da yana can nesa kudu, fasinja na shan doguwar tafiya kafin ya sauya jirgi. A 2020 aka matso da shi kimanin mita 350 ya zo kafaɗa da kafaɗa da na Yamanote. Shi kuwa Yamanote, zoben da ya kewaye tsakiyar Tokyo, kilomita 34.5 da tashoshi 30, taɓa shi kamar taɓa jijiyar wuya ne. Duk da haka an rufe wani yanki nasa a ƙarshen mako cikin Oktoba 2021, aka sake a Janairu 2023, kowane karo fiye da awa 50, dubban ma'aikata suna karɓa-karɓa. Suka matsar da dogo gefe, suka haɗe dandamali biyu suka zama ɗaya mai faɗi. A Nuwamba 2023 aka ɗaga dogon da dandamalin sama, don hanyar masu tafiya a ƙasa da ke ƙarƙashinsu ta samu tsayi. Kowane karo ana sanar da jama'a watanni kafin ranar, a ƙara jirage a layukan da ke kusa, a yarda mai tikitin wannan kamfani ya hau jirgin wancan. Safiyar Litinin kuma layi ya dawo.

Wasu biranen sukan zaɓi rufewa mai tsawo. A Landan, da za a haɗa sabon rami da faɗaɗa tashar Bank, an rufe wani reshe na layin Northern mako 17 a 2022. Kowane gari da lissafinsa: wahala kaɗan-kaɗan na shekaru, ko wahala mai yawa ta 'yan watanni. Auna wannan ma aikin gwani ne.

Ƙananan ayyuka masu tsare rai

Manyan sauye-sauye su ke shiga labarai, amma yawancin dararen masu gyara a kan ƙananan abubuwa suke ƙarewa. Babban misali shi ne shingen bakin dandamali mai ƙofofin da ba sa buɗewa sai jirgi ya tsaya. Tokyo ta koyi darajarsa da hawaye. A Janairu 2001, a tashar Shin-Okubo, wani mutum ya faɗa kan dogo, wani ɗalibi ɗan Koriya ta Kudu da wani mai ɗaukar hoto ɗan Japan suka dira don su cece shi, jirgi ya kashe su duka uku. A Agusta 2016 wani makaho da karensa na jagora ya faɗa a tashar Aoyama-itchome ta layin Ginza ya rasu, abin da ya ƙara matsa wa kamfanoni su gaggauta.

Kafa shingen kamar abu mai sauƙi, amma ja zare ne da ke jawo riga duka. Ƙofofin suna da nauyi, tsohon dandamali kuwa ba a gina shi don ya ɗauki kaya a bakinsa ba, sai an yi watanni ana ƙarfafa shi daga ƙasa. Sannan tilas ƙofar tarago ta tsaya daidai ƙofar shinge kowane lokaci, don haka sai an sa wa jirage na'urar da ke taimaka wa birki ya tsayar da su a kan alama. A da a layin Yamanote akwai taragai masu ƙofa 6 a kowane gefe da aka yi don cunkoson safiya. Da yake ƙofofinsu ba su dace da saura ba, sai da aka fitar da su aka sa masu ƙofa 4. Tashoshin Ebisu da Meguro ne suka fara samun shingen a wannan layi, a 2010. Yadda ake kawo ƙofofin ma abin kallo ne: a loda su cikin jirgin fasinja da ya tashi aiki, ya zo ya tsaya a tashar cikin dare, a sauke kowace ƙofa daidai gurbin da za ta zauna.

Haka lifta. Huda rami daga titi zuwa dandamali a tsohuwar tasha yana nufin ratsa bututun ruwa, wayoyin lantarki da na tarho, da kankaren da wani ya zuba tun kafin yaƙin duniya na biyu. Dokar da Japan ta kafa a 2000 kan sauƙaƙa wa tsofaffi da masu naƙasa shiga ababen hawa ita ta sa aka duƙufa a kai, kuma a Maris 2023 manyan kamfanonin jirgi na Tokyo irin su JR East da Tokyo Metro suka ƙara yen 10 a kan tikiti don wannan aiki. Tubalan nan masu ruwan ɗorawa da ƙuraje a kansu, waɗanda makaho ke ji da ƙafa ko sanda, su ma daga Japan suka fito: Seiichi Miyake ne ya ƙirƙiro su, aka fara shimfiɗa su a birnin Okayama a 1967. Duk sanda aka karkatar da hanya a cikin tasha saboda gini, sai an ɗaga su an sake shimfiɗawa a daren, don wanda ya haddace hanya da tafin ƙafarsa kada ya wayi gari an yaudare shi.

Akwai kuma gyaran da ba fasinjan da zai taɓa gani. Da yake Shibuya kwari ce, ruwan sama daga kowane tudu nan yake gangarowa. A ƙarƙashin filin da ke gabashin tashar, zurfin kimanin mita 25, an gina tafkin kankare mai ɗaukar tan 4,000 na ruwa, ya fara aiki a 2020. In aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya ya tara, in sama ta ɗauke a zuƙe shi a hankali zuwa magudana.

Ladan rabin awa

Ba a ce komai ya yi daɗi ba. Sabuwar tashar Toyoko tana hawa na biyar a ƙarƙashin ƙasa, kuma da yawa daga waɗanda suka saba sauka su taka 'yan matakai su shiga Yamanote sun yi ƙorafin tafiyarsu ta ƙaru. Mazauna Tokyo kansu sukan ɓata a Shibuya saboda hanyoyin cikinta ba sa zama wuri ɗaya. Maƙwabtan dogo sun sha ƙarar dare shekara da shekaru. Aikin kewayen tashar kuma bai ƙare ba, an ɗaga kammalawarsa zuwa cikin shekarun 2030. Yaron da aka haifa ranar da aka kafa ginshiƙin farko a Daikanyama zai haura shekara 30 kafin ya ga Shibuya ba shingen gini.

Su kansu masu aikin suna biyan nasu kuɗin da jikinsu. Mutum ya kwana a tsaye cikin sanyin Janairu ko zafin Agusta, ya koma gida lokacin da 'ya'yansa ke shirin makaranta. Al'ummar Japan na tsufa, matasa masu son wannan aiki na raguwa, aikin da ake buƙata kuwa ƙaruwa yake yi. Shi ya sa a Maris 2021 JR East da wasu kamfanoni suka matso da jiragen ƙarshe na dare a yankin Tokyo, a layuka da dama da kimanin rabin awa, don masu gyara su samu aƙalla awa huɗu, manyan injuna su iya shiga su yi aiki su fita.

Rabin awa ba ta cika ido ba. Amma a birnin da kamfani ke ba da haƙuri in jirgi ya makara da 'yan mintoci, har ya ba fasinja takardar shaida ya kai wa maigidansa a ofis, ba abin da ya fi minti tsada. Mutanen da suka yi shekaru suna karɓar ragowar dare suna mayar da shi tasha, da wuya su ci safiyar kowa, da wannan kuɗin gari ya biya su: miliyoyin mutane suka yarda su tashi daga hira da wuri, su kama jirgin gida, su bar musu dogo.